Kawu da Sunan da Ya Sa a Ƙasan Shafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar wani ruwa da ya kwana uku bai ɗauke ba. Kafin azahar kwatar layinmu a unguwar New Bell ta Douala ta cika ta malalo har bakin zaure, sai da maƙwabta suka jera bulo daga titi zuwa ƙofar gida don masu gaisuwa su sami wurin taka ƙafa. A haka aka fitar da shi, masu ɗauke da makara suna tafiya cikin ruwa har idon sawu.

Yau kwana tara. An naɗe tabarmi, baƙi sun koma, ni kuma na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Na so in bari sai na huta. Amma na lura cikin kwanakin nan kowa ya zo da nasa Kawun, ya faɗa ya tafi, kuma duk wanda aka kawo ya fi wanda na sani santsi. Ina tsoron nan da shekara ya zama hoto a bango da kalmomi uku na yabo. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro.

Mutanen jami'a sun zo ranar farko da la'asar. Masu bendisikin, wato 'yan acaɓa, sun ƙi shigar da baburansu layin saboda ruwa, suka sauke su a bakin titi. Sai ga manyan malaman shari'a da kwat, sun nannaɗe wando, takalma a hannu, suna bin bulo ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu sun yi shekara talatin suna aiki da shi, ba su taɓa sanin inda yake kwana ba.

Teloli sun rufe shaguna. Wanda ya san unguwarmu ya san ƙarar keken ɗinki ba ta yankewa daga safe har magariba, ranar sai da na ji shirun a kunnena. Tsohuwar da ke soya ƙosai a kusurwar layi ta shigo cikin mata ta zube, tana kuka tana cewa, "Wa zai karanta min takarda yanzu? Wa zai ce min kada in sa hannu?" Hajiya, matar Kawu, tambaya ɗaya take ta maimaitawa, ko an kai wa baƙin waje abinci. Inna, mahaifiyata, ita ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta yi hawaye ba. Ta jingina da bango da carbi a hannu, duk wanda ya ba ta haƙuri sai ta ce, "Ni na goya shi, ga shi ya riga ni."

Can aka aiko in fito zaure, wai abokan aiki na son yi min gaisuwa, don ni ma a can nake koyar da shari'a. Babbansu ya yi dogon bayani da Faransanci. Ya ambaci littafin Kawu kan haƙƙin mallakar marubuta da mawaƙa, da shirin da yake yi a rediyo, da ɗaliban da ya yaye. Sannan ya ce a ganinsa abin da za a daɗe ana tuna Farfesa da shi, ita ce maƙalar da ya rubuta kan zanen ɗinkin telolin New Bell. Ya ce har yau ba a yi irinta ba.

Na ce, "Mersi."

Na koma ciki na zauna kusa da Inna. Ta dubi fuskata ta ce, "Me suka ce?" Na ce yabonsa suke yi. Ta ɗora hannu a gwiwata ta ci gaba da jan carbinta.

Ni na rubuta maƙalar nan. Zan zo kanta, amma ba da ita Kawu ya fara a wurina ba.

A unguwa ba mai ce masa Farfesa. Metir suke ce masa, kamar lauya, ko da yake bai taɓa tsayawa a gaban alƙali ba. Ni kuma da yake sunan mahaifiyarsu aka sa min, Uwata yake kirana tun ina hannu. A gidan nan aka haife shi, a ɗakin da kakansa ya gina lokacin da ya sauko daga arewa da fataucin goro. Abokan aikinsa duk sun yi gini a unguwannin da ruwa ba ya kwanciya, shi ya ƙi tashi. In an tambaye shi sai ya ce daga ɗakinsa zuwa masallaci taku sittin ne, kuma har yanzu ba wanda ya nuna masa gidan da ya fi haka kusa.

Jan biro ba ya rabuwa da aljihunsa. Katin biki in aka kawo masa, sai ya gyara kuskuren da ke ciki kafin ya ce Allah ya sanya alheri. Lokacin da nake makarantar kwana na taɓa rubuto masa wasiƙa ina kukan kewar gida. Amsar da ta zo ita ce wasiƙata da kanta, an ja layi ƙarƙashin kuskure shida, a ƙasa ya rubuta, "Ina zuwa Asabar." Ya kuwa zo, da gasasshen kifi a takarda, ya zauna da ni a ƙarƙashin mangwaro har na cinye.

Yana da tambayoyi biyu da duk gidan ya haddace: "Wa ya faɗa? A ina ya faɗa?" Ɗalibi ya kawo hujja, ita zai ji. Hajiya ta ce an ce 'yar maƙwabta ta haihu, ita ma ita za ta ji. Wata rana ta gaji ta ce masa, "Jaririn ne ya faɗa, ga shi can yana tsala kuka, ka je ka tambaye shi shafi na nawa." Ya yi dariya har ya cire gilashi.

Ranar Asabar da safe zauren gidan yakan zama ofis. Ba ya karɓar komai. 'Yan kasuwar da suka zo daga Najeriya ba su jin Faransanci sukan kawo takardun shago ya karanta musu. Zawarawa sukan kawo takardun gida. Tsohuwar nan mai ƙosai, bayan mijinta ya rasu wani ya zo mata da takarda wai ta dangwala hannu don a gyara mata rufi. Ta kawo wa Kawu. Ya karanta, ya ninke, ya ce, "Wannan ba rufi zai gyara ba, gidan zai ɗauke." Ya yi wata biyar yana raka ta unguwar Bonanjo daga wannan ofis zuwa wancan, shi da lemarsa a gaba, ita a baya, har aka fitar mata da takarda da sunanta. Da ta kawo masa kaza ya ce ta mayar, in tana son ta gode masa ta rage gishiri a ƙosai.

Ba kowa ke sonsa ba, kuma ya sani. Lokacin da yake shiga rediyo yana cewa masu kwafar kaset da faifai suna cin gumin mawaƙa ne, masu sayar da su a kasuwarmu sun ji haushi. Akwai wanda suke sahu ɗaya a masallaci, ya yi shekaru ba ya miƙa masa hannu bayan sallama. Kawu bai janye maganar ba. A gidansa ba a kunna faifan da ba na asali ba, ko a biki ne. Amma na sha ganin ɗalibi ya zo yana sosa ƙeya, ya ce ba shi da halin sayen littafin Farfesa. Kawu zai haɗe rai ya ce, "Doka ta hana ka yi fotokofin littafin nan gaba ɗaya, kuma ni na rubuta babin da ya yi bayanin haka." Sai ya ajiye littafin a kan tebur, ya ce zai je masallaci, kuma yau limamin yana da tsawaita karatu.

Shi ya kai ni jami'a da hannunsa ranar rajista. Shi ya koya min yadda ake karanta hukuncin kotu daga ƙarshe zuwa farko. Da na gama aka ɗauke ni ƙaramar malama a sashensa, ya zo gidanmu ya ce wa Inna, "Yaya, kin haifa min magaji." Inna ta ce, "Uwarka ce, ka riƙe ta da kyau."

A lokacin ne wasu yadudduka suka fara shigowa ta tashar jirgin ruwa, an buga musu aikin wuyan riga da inji daga ƙasar waje. Zanen kuwa na telolinmu ne, ba a canza ko lanƙwasa ɗaya ba. Wani ya ɗauki hoton rigunan ya aika, aka kwaikwaya. Teloli suka zo zauren Asabar da yadin a hannu suna tambayar Metir ko doka ta san da su. Kawu ya ce tambayar tana da wuya, don zanen gado ne, kowa ya tarar da shi. Da suka tafi ya juyo ya ce min, "Uwata, ga aiki nan in kina so."

Na yi wata uku ina zama a shagunan teloli uku bayan na taso daga aji. Na koyi bambanta abin da tela ya gada daga ubangidansa da abin da ya ƙara da kansa. Mafi tsufansu, wanda muke kira Baba Tela, ya buɗe min wani akwatin ƙarfe cike da takardun buhun siminti, a jikin kowace ya zana wuyan riga da fensir, wasu tun yana saurayi. Ya nuna min inda ya karya wani tsohon zane ya mayar da shi ciki, ya ce kafin shi ba wanda ya yi haka a Douala. A kan wannan na gina maƙalar: cewa gado na kowa ne, amma abin da hannun mutum ya ƙara a kai nasa ne, kuma dokar da muke da ita ta isa ta kare shi in alƙalai sun yarda su duba. Na rubuta shafi talatin da Faransanci na kai wa Kawu. Ya yi sati biyu da ita, ya dawo min da ita ja-jawur. Na gyara. Ya ce in bar masa, zai aika wa wata mujallar shari'a a Yaoundé.

Bayan kusan shekara wata abokiyar aikina ta shigo ofis da mujallar ta ajiye a gabana ta fita. Sunan Kawu ne a sama, shi kaɗai. Nawa yana ƙasan shafin farko da ƙananan haruffa, wai marubucin yana gode min da na taya shi tattara bayanai. A shekarar yake neman matakin ƙarshe na farfesa, ana kuma duba yawan abin da mutum ya buga.

Na same shi a ɗakinsa bayan la'asar yana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, sannan na ajiye mujallar a kan tabarma.

Ya ce, "Kin gani? Ta fito da kyau."

Na ce, "Kawu, sunana fa?"

"Ga shi nan a ƙasa."

"Na gan shi a ƙasa."

Ya ajiye kofin. Ya ce shi ya ba ni tambayar. Ya ce ba layin da bai taɓa ba. Ya ce da sunana kaɗai aka aika, ƙaramar malama da ba wanda ya sani, da yanzu tana cikin kwandon shara. Ya ce ina da shekaru a gabana, zan rubuta goma irinta. Duk abin da ya faɗa akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ya fi ciwo.

Na ce, "A littafinka ka rubuta cewa marubuci zai iya sayar da komai na aikinsa, amma ban da sunansa. Ka ce ko shi da kansa ba shi da ikon bayar da shi. Babi na huɗu ne. In ka tambaye ni wa ya faɗa, kai ne, Kawu."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Kawu ba ya yi min Faransanci a gida, amma ranar da shi ya ce min in fita. Kalma ɗaya. Na tashi na fita, na manta takalmina ɗaya a ƙofar ɗakin, sai Hajiya ce ta biyo ni da shi.

Shekara huɗu muka yi ba ma shiri. Ina zuwa gaishe shi ranar Sallah, in durƙusa daga bakin ƙofa, ya amsa, in tashi. A jami'a in na hango shi sai in sauya hanya. Da na so na kai ƙara, na san ofishin da ake kaiwa, na san abin da zan rubuta. Ban kai ba. Wasu sun ɗauka ladabi ne. Gaskiyar ita ce na san ba wanda zai yarda da ni a kansa, kuma in an yarda, Inna ce za ta kwana da abin. Ita kuwa ta yi ta kai da kawowa tsakanin gidajen biyu, layi uku ne tsakani, har ƙafarta ta fara kumbura. Wata rana ta zauna a bakin gadona ta ce, "Ni ban san takarda ba. Na san ƙanena, na san 'yata. Kun gajiyar da ni, ku biyun." A shekarun nan ban rubuta komai ba. Ina shiga aji, ina fita, ina gyara jarrabawa. Duk lokacin da na zauna zan fara wani abu sai in ajiye biron in tashi.

Ya sami matakin da yake nema. An yi walima a gidan, na aika da tuwo ban je ba.

Bayan ya yi ritaya ciwon suga ya taɓa masa ido. Da farko ya ɓoye, yana riƙe jarida kamar yana karantawa, har ranar da Hajiya ta lura a juye take. Ita ce ta zo wurina. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Kawunki ba ya gani. Ni Faransancina na kasuwa ne. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana karatu, yanzu yana zaune yana kallon bango. Ban ce ki yafe ba, na ce ki zo ki karanta masa."

Na fara zuwa ranar Alhamis bayan la'asar. Ranar farko ya ji muryata ya ce, "Uwata ce?" Na ce ni ce. Ya ce, "Akwai sabon hukunci kan mawaƙin nan da kamfanin waya, an ce ya fito." Na nemo na karanta masa. Shi ke nan. Haka muka yi shekara biyu da wani abu. Ina karantawa, yana tsayar da ni yana faɗa da alƙalan da ba sa jinsa. Wani lokaci ya yi min shifta, in rubuta masa ɗan sharhi a aika jarida da sunansa. Jan bironsa yana nan a aljihu, yakan ciro shi ya riƙe kawai. Ranar Asabar kuma ni nake zama gefensa a zaure, ina karanta takardun mutane da ƙarfi, shi yana ba da shawara. Ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ni dai na sa a raina haka za mu ƙare, kuma na haƙura.

Bara, cikin watan azumi, na shigo ya ce in duba saman kabad, akwai wata mujalla mai koren bango. Na san ta tun kafin in taɓa ta. Ya ce in karanta masa daga farko.

Na ce, "Kawu, akwai sabbin abubuwa da ba mu karanta ba."

Ya ce, "Wannan nake so."

Na karanta. Da na kai wurin akwatin Baba Tela da takardun siminti, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ban taɓa ganin akwatin nan ba."

Na ce, "Na sani."

"Mutumin da bai ga akwatin ba, ba zai iya rubuta wannan ba." Ya shafa fuskarsa. "Ɗauko takarda."

Ya yi min shiftar wasiƙa zuwa ga editan mujallar. Gajeriya ce. Ya ce maƙalar da aka buga da sunansa aikin 'yar yayarsa ne, shi gyara kawai ya yi, yana roƙon a buga wannan bayani a fitowa ta gaba. Na riƙe masa hannu na kai wurin sa hannu. Bai ce min in yi haƙuri ba. Kawu bai iya wannan kalmar ba, a kowane harshe. Ya ce dai in kai gidan waya gobe, kada in jira.

Na kai. Bayan sati biyar wasiƙar ta dawo da tambari a bayanta. Na bincika, aka ce min mujallar ta daina fita tun shekaru, editan ya rasu, ofishin ya zama shagon sayar da waya. Na yi kwana biyu ina tunanin in ɓoye masa. Ranar Alhamis na gaya masa. Ya jinjina kai ya ce, "To, na makara ke nan." Ya juya fuska bango, ranar ba mu yi karatu ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya, bayan mutane sun watse daga zaure, ya ce kada in tafi. Ya aika aka kira Inna. Ya aika aka kira Baba Tela, wanda shi kaɗai ya rage cikin ukun da na zauna da su. Tsohon ya zo yana dogara sanda, zare a maƙale a hularsa. Hajiya ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida.

Kawu ya gyara zama kamar zai fara darasi. Ya ce ya tara su ne su zama shaida. Ya ce takardar da aka rubuta kan ɗinkin unguwar nan, wadda ta ƙara masa girma a wurin aiki, ba shi ya rubuta ba, Uwata ce. Ya ce ya sa sunansa a inda nata ya kamata ya zauna, kuma ya san hukuncin haka fiye da kowa a garin nan.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," ta rufe fuska da mayafi.

Baba Tela ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Metir, don wannan ka taso ni daga kan keke? Ai duk layin teloli mun sani. Ita ce ta yi wata uku tana shan ƙurar shagona. Kai ko sau ɗaya ba ka leƙo ba."

Kawu ya ce, "Haka ne."

Tsohon ya juyo gare ni. "Amma ke ma ina da tambaya, 'yata. Jikana ya karanta min takardar nan tun tuni, ya fassara min. Na ji akwatina, na ji zanena, na ji har maganar da na yi. Ban ji sunana ba. An ce wai tela na ɗaya. Wane ne tela na ɗaya?"

Na buɗe baki zan ce haka ake yi a bincike, ana ɓoye sunan mutane don a kare su. Sai na tuna ban taɓa tambayarsa ko yana son a ɓoye ba. Shafi talatin na rubuta ina cewa abin da hannunsa ya ƙara nasa ne, na kuma ba shi lamba. Shekara shida da ɗoriya ina ɗauke da ciwon sunana, ban taɓa tunanin nasa ba ko sau ɗaya.

Na ce, "Baba, ban da amsa."

Sai Kawu ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, Hajiya ta kawo ruwa. Da ya sami numfashi ya ce, "Uwata, ashe gidanmu ne haka." Baba Tela ma ya yi murmushi, ya ce shi dai a rubuta, kuma a rubuta na abokansa biyu da suka riga mu, ya faɗi cikakken sunan kowanne da na ubangidan da ya koya masa. Na rubuta a bayan ambulan ɗin wasiƙar da ta dawo, don ita ce takardar da ke jakata.

Tun daga lokacin, duk sanda zan ba ɗalibai maƙalar, ina haɗa ta da shafi ɗaya a gaba. A sama sunayen telolin uku, sai nawa, sai na Kawu a matsayin wanda ya ba da tambayar ya kuma gyara. Na karanta masa shafin kafin in buga. Ya sa na sauya waƙafi ɗaya. A ɗakunan karatu da cikin littattafan da suka ambace ta kuwa, tana nan da sunansa shi kaɗai, kuma haka za ta zauna. Yadudduka na inji ba su daina shigowa ba. Ba alƙalin da ya taɓa dubawa. Yawancin telolin layinmu yanzu su ma su suke saya su ɗinka, sun ce ya fi sauri.

Ban ce komai ya koma kamar da ba. Akwai Alhamis ɗin da nake zuwa ina jin haushinsa sabo fil, in karanta masa da murya a bushe, shi ma ya gane. Akwai wadda muke hira har a kira magariba. Na dai koma rubutu, a hankali, kuma shi ne mutum na farko da nake karanta wa.

Alhamis ta ƙarshe jikinsa ya yi nauyi, bai iya zama ba. Na karanta masa shafi biyu na wani abu da nake rubutawa kan masu ɗaukar waƙoƙin bikin mata a waya suna watsawa ba izini. Idonsa a rufe, na ɗauka bai ji ba. Na tattara takarduna zan tashi, sai ya ce, "Sakin layi na biyu ya yi tsawo. Ki raba shi." Na ce to. Ya ce, "Ki gaida Yaya. Ki ce mata ta daina zuwa a ƙafa, ta hau mota."

Na raba sakin layin. Na kuma gaya wa Inna saƙonsa, ta ce ba ta ji ba, tun yana rarrafe ba ya ba ta umarni.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya haskaka masa kabarinsa kamar yadda ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. Abin da ke tsakanina da shi na yafe, duniya da lahira, ina fatan shi ma ya yafe min shekaru huɗun nan. Allah ya ba Hajiya da Inna haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.